Tsaron Matasa a Intanet: Aikin Iyaye da na Makaranta

Tsaron matasa a intanet shi ne duk matakin da ake ɗauka domin yaro ko yarinya da suka fara tasawa su yi amfani da waya ba tare da an cuce su a dukiya, ko a mutunci, ko a lafiya ba, kuma ba tare da su ma sun cuci wani ba. Wayar salula ta shigo Najeriya gadan-gadan a shekarar 2001. A ƙasar Yauri yanzu da ita mai albasa yake jin farashin kasuwannin kudu kafin ya yi lodi, da ita masunci yake kiran mai sayen kifi tun bai fito daga ruwa ba. Ɗalibi ma ba shi da makawa, domin tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake rubuta ta. Saboda haka raba yaro da waya kwata-kwata ba ya cikin abin da wannan darasi yake koyarwa.

Mutanen bakin kogin Neja sun san irin wannan lamari tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968. Gungawa da Sarkawa ba sa hana ɗa zuwa kogi, tunda can abincin gidan yake. Abin da suke yi shi ne su koya masa iyo da riƙon filafili tun yana ƙarami, su nuna masa inda ruwa ke da zurfi da inda yake juyawa. Wahalar da ke tattare da intanet ita ce sau da yawa ɗan ne ya riga uban shiga, har ya fi shi sanin hanya.

Yadda waya take zuwa hannun yaro

A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, sai mai shekara 18 ne zai yi rajistar layi da sunansa, kuma tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Ma'anar wannan ita ce layin da ke cikin wayar yaro ɗan shekara 15 yana ɗauke da sunan wani babba: uba, ko uwa, ko yaya, ko kawu. Idan aka aikata laifi da layin, mai sunan za a fara nema. Facebook da TikTok da Instagram kuwa sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, amma yaro yana iya ƙara wa kansa shekaru a lokacin rajista, kuma da yawa haka suke yi.

A gidaje da dama yaro ba shi da wayar kansa, ta mahaifiyarsa yake ara. Shi ke karanta mata saƙo, shi ke sa mata kati, shi ake aika wurin mai POS ya ciro kuɗi, saboda haka ya san lambar sirrin asusun gidan. Irin wannan yaro shi ne ƙofar da ɗan damfara zai bi ya kai ga kuɗin iyaye.

Akwai kuma hanyar da iyaye ba su cika lura da ita ba. A kasuwar Yelwa ko ta Wara za a ga rumfar mai caji, janareto yana ruri a gefe, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta a manne. Kusa da shi akwai mai tura fina-finai da waƙoƙi a memori. Wayar da aka bari ba a kulle ba tana iya yin awa uku a hannun wani, da hotunanta da saƙonninta. Sannan abin da yaro ɗaya ya samu, cikin minti kaɗan zai tura wa abokansa goma ta Xender, ba tare da an kashe data ko ta sisi ba. Uban da yake ganin ya tsare ɗansa domin ba ya saya masa data, bai tsare shi ba.

Damfara

Damfarar da ta fi yawa tana farawa ne da kira cikin ladabi. Mai kiran zai yi sallama, ya ambaci sunan wani zaure na WhatsApp da yaron yake ciki, na 'yan ajinsu ko na ƙungiyar unguwa, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, kuma an turo masa lambobi shida na shiga taron, ya karanto su. Lambobin nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗin yaron. Da zarar ya karanta, shafin ya koma hannun ɓarawo, kuma kafin magariba an aika wa 'yan uwa saƙo da sunansa cewa yana asibiti, a taimaka a turo kuɗi. Haka abin yake ga lambar da banki ke turowa ta amfani sau ɗaya, da lambar sirrin katin ATM. Babu bankin da yake kiran mutum ya tambaye shi waɗannan. Lambobin BVN da NIN, kowace mai alƙaluma 11, su ma ba a ba da su ga wanda ya kira ko ya turo fom ta waya.

Sauran dabarun duk tana ce a bakin ƙugiya: kyautar data ga wanda ya tura saƙo ga mutum ashirin, tallafin gwamnati da sai an biya kuɗin fom, gurbin aikin soja ko na kwastan, amsoshin WAEC da NECO da ake sayarwa kafin ranar jarrabawa. Sai kuma jarin da ake cewa yana ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta tsayar da biyan mutane a Disamban 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a masu yawa, kuma tsakaninsu an yi wasu da sunaye daban-daban amma tsari ɗaya: da kuɗin sabon shiga ake biyan na farko, ranar da sababbi suka ƙare sai a rufe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Cacar ƙwallo ta waya haramun ce a addini, doka ma ta hana wanda bai kai 18 ba shiga, duk da haka tana cinye kuɗin makaranta da jarin sana'ar samari da yawa. Wani tarkon kuma shi ne aron asusu. Wani zai ce wa yaro ya ba shi lambar asusunsa a turo kuɗi, ya cire ya ba shi, a sallame shi da dubu biyu. Idan kuɗin na sata ne ko na fansa, sunan mai asusun ne a rubuce.

Hoto da barazana

Wannan ita ce cutar da ta fi kowace muni, kuma ita yara suka fi ɓoyewa. Tana tafiya ne a hankali. Wani shafi mai hoton kyakkyawar budurwa zai nemi abota da saurayi, ko kuma wani mai kama da mutumin kirki ya fara gaishe da yarinya kullum. Ana yabo, ana tambayar lafiyar gida, ana turo katin ɗari biyar. Bayan mako biyu ko uku sai a ce a bar Facebook a koma WhatsApp inda babu mai gani. Daga nan sai neman hoto, na farko da hijabi, na gaba ba mayafi, har a kai ga abin da ba ya faɗuwa, ko a yi kiran bidiyo a naɗe shi a ɓoye. Ranar da hoton ya shiga hannu murya take canjawa. Za a turo wa yaron jerin sunayen 'yan uwansa da abokansa da aka kwaso daga shafinsa, a ce ya biya kafin awa ɗaya ko a watsa.

A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a. Yawancin waɗanda masu shafukan suke hari manyan maza ne a Amurka, amma har da yara. A watan Satumba na shekarar wata kotu a jihar Michigan ta yanke wa wasu 'yan uwa biyu daga Legas ɗaurin shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka yi wa barazana ya kashe kansa a 2022. Labarin yana da fuska biyu ga iyaye: ɗa yana iya zama wanda aka cuta, yana kuma iya zama wanda abokai suka ja cikin harkar da sunan neman kuɗi.

A ƙasar Hausa mai yin barazanar ba lallai ne baƙo ba. Sau da yawa tsohon saurayi ne da aka ƙi, ko ƙawa da aka ɓata da ita, ko wanda aka kai wa waya gyara. Abin da ake nema ma ba kullum kuɗi ba ne, wani lokaci yarinyar ce ake so a tilasta ta zo wani wuri. Makamin mai barazana ɗaya ne tak, kunya. Ya san yarinya za ta gwammace ta sayar da ɗan kunnenta da ta tsaya gaban mahaifinta ta faɗi abin da ya faru, domin tana tsoron duka, da tsegumin unguwa, da fasa aure. Kunya ado ce a tarbiyyar Bahaushe, amma a nan ita ce igiyar da ake ɗaure yaro da ita. Duk gidan da yaro ya tabbata zai iya kawo irin wannan magana a saurare shi, gidan ya karya fiye da rabin ƙarfin mai barazana.

Doka tana bayan yaron. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta a sashe na 23 ɗauka, ko ajiyewa, ko yaɗa hoton batsa na wanda bai kai shekara 18 ba, da kuma yaudarar yaro ta intanet domin lalata. Sashe na 24 ya shafi saƙonnin barazana. Ya kamata samari su san cewa wanda aka turo wa irin wannan hoto ya tura gaba, shi ma ya shiga laifin.

Jita-jita da tsaro

A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zagaya wayoyin Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, har an ba da rahoton mutuwa. Yawancin waɗanda suka tura saƙon da kyakkyawar niyya suka tura.

Ƙasar Yauri ta ga ranaku masu nauyi. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse da mutane masu yawa a kusa da Wara. Ranar 17 ga Yuni na 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka tafi da ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida. A irin waɗannan ranaku waya tana cika da alƙaluma da hotuna, wasu na gaskiya, wasu tsofaffi daga wata ƙasa, kuma kowane ɗaya yana iya faɗawa a idon uwar da ke jiran labarin ɗanta. Matashi yana bukatar ya koyi tambaya uku kafin ya tura abu: wa ya fara faɗa, yaushe aka ɗauki hoton, kuma wa zai cutu idan ƙarya ne. Hoton gawa da na yaron da aka sace ko aka ci zarafinsa ba abin turawa ba ne ko da gaskiya ne.

Haka kuma ba a sa wa duniya ranar komawa makaranta, da motar da za a shiga, da hoton ƙofar gida, da labarin cewa Baba ya sayar da shanu ko ya dawo daga wurin haƙar zinariya da kuɗi. Abin da aka sa a sitatus, wanda ba a yi nufi ba ma yana gani.

Zagi da tsokana a zaurukan 'yan aji su ma cuta ce. A da idan an tashi makaranta tsokana ta ƙare, yanzu tana bin yaro har kan shimfiɗarsa. Rashin barci saboda kallon TikTok har ƙarfe biyu na dare kuwa, malamin darasin farko ne yake ganin sakamakonsa.

Aikin iyaye

Uba ko uwa da ba su yi zurfi a karatu ba sukan ɗauka wannan fage ya fi ƙarfinsu. Ba haka ba ne. Wanda ya yi shekara talatin yana ciniki a kasuwa ya fi ɗansa gane mayaudari nesa ba kusa ba. Abin da ɗan ya fi shi shi ne latsa waya kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa ilimin biyu. Uba ya ce, “Zo ka nuna mini yadda abin nan naku yake,” ya zauna ya kalla, ya tambayi wane ne wannan, a ina ka san shi, ka taɓa ganinsa ido da ido? Yaro yana jin daɗin a mai da shi malami, kuma a cikin wannan hira ake gane da wa yake hulɗa.

Sharuɗɗa kuwa tun ranar da aka miƙa wayar ake kafa su, domin wuya ne a kafa su bayan shekara guda. Waya ta kwana a ɗakin iyaye bayan sallar isha'i. Iyaye su san lambar buɗe ta. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri shida da mai wayar ya zaɓa da kansa, yadda ko an saci lambar farko ba za a iya shiga ba. A sa wa sim ma lambar sirri, domin ɓarawon waya sim ɗin yake fara cirewa ya nemi asusun banki. A mai da shafukan yaro na abokai kawai. Mai wayar Android yana iya amfani da Family Link ta Google wajen ƙayyade lokaci da manhajojin da za a sauke, TikTok ma tana da tsarin haɗa shafin iyaye da na ɗa. Waɗannan duk suna taimakawa, sai dai yaro mai wayo yana iya zagaye su da wayar aboki.

Abin da ba ya zagayuwa shi ne idon uwa. Yarinyar da ta daina cin abinci, ko take firgita idan waya ta yi ƙara, ko take kife ta da zarar an shigo. Yaron da aka ga sabon takalmi a ƙafarsa ba a san inda ya samu kuɗi ba, ko kuɗi suka fara ɓata a gida: duk alamu ne da suke bukatar a zauna da shi a keɓe. Idan yarinya ba za ta iya buɗe baki ga mahaifiyarta ba, a nemo gwaggo ko inna ko yaya da ta saba da ita. Tun can al'ada ta tanadi waɗannan mutane domin maganar da ba a yi da iyaye.

Iyaye su duba nasu halin ma. Uban da yake tura duk abin da ya shigo wayarsa, ko uwar da take sa hoton 'yarta da kayan makaranta da sunan makarantar a fili, sun riga sun koyar da darasin da baki ba zai goge ba.

Aikin makaranta

Makarantun kwana da yawa suna hana riƙe waya, kuma akwai hikima a ciki. Wasu ƙasashe sun wuce nan: Ostireliya ta yi doka a Nuwamban 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta. Amma ɗalibin da aka hana waya wata uku zai dawo hutu ya same ta tana jiransa, don haka hani ba ya ɗauke wa makaranta nauyin koyarwa. Darasin kwamfuta bai kamata ya tsaya ga sunayen sassan na'ura ba. Malami yana iya kawo saƙon damfara na gaske ya rubuta a allo, ɗalibai su nemo alamun ƙarya da kansu. Wannan ba ya bukatar wutar lantarki ko ɗakin kwamfuta. Malaman Islamiyya ma suna da babbar ƙofa, tunda giba da annamimanci da tona asirin mutum da caca duk suna cikin abin da suke karantarwa. Saura kawai su nuna wa yara cewa hukuncin bai canja ba don an yi abin da yatsa.

Kowace makaranta tana bukatar malami ɗaya da malama ɗaya da ɗalibai suka san za su iya kai musu ƙara a asirce, ba tare da an kira sunansu a taron safe ba. Taron iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta na SBMC, wuri ne da za a ware rabin awa a nuna wa iyaye a aikace yadda ake kulle waya. Makaranta kuma ta tsare nata ɓangaren. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bukaci izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, saboda haka sa hotunan ɗalibai da sakamakonsu a Facebook ba tare da an tambaya ba kuskure ne. Malami namiji kuma ba shi da dalilin yin hira ta keɓe da ɗaliba a waya. Saƙon makaranta ya bi ta zauren aji ko ta lambar iyaye.

Idan abin ya riga ya faru

Idan yaro ya zo ya ce, “Baba, na yi kuskure a waya,” kalmar farko da zai ji ita ce za ta yanke ko zai ƙarasa maganar. A zaunar da shi, a ji komai, faɗa ya jira wata rana. Kada a biya mai barazana, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada kuma a yi gaggawar goge saƙonnin: a fara ɗaukar hotonsu, da lambar wayar, da sunan shafin, da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a kai rahoton shafin a cikin manhajar a toshe shi. Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, wanda yake taimaka wa 'yan ƙasa da shekara 18 wajen hana yaɗuwar irin waɗannan hotuna a kafafen da suka shiga tsarin, kuma hoton ba ya barin wayar mai shi.

Idan kuɗi ne aka cire, a sanar da banki nan take a rufe asusun da katin, tunda kowace awa tana rage damar tsayar da kuɗin. Idan WhatsApp aka ƙwace, a sake rajistar lambar a waya, a kuma kira 'yan uwa a gaya musu kada su tura wa kowa komai. Ana kai ƙarar barazana da cin zarafin yara ga 'yan sanda, damfarar kuɗi ga 'yan sanda ko EFCC, alkawarin aiki a wata ƙasa da ake zargin safarar mutane ce kuwa ga NAPTIP. Matsalar layi da kamfanin waya ya kasa warwarewa ana kai ta ga NCC ta lamba 622, lambar gaggawa ta ƙasa kuma ita ce 112. A kwanakin da suka biyo baya kada a bar yaron shi kaɗai, musamman da dare, kuma idan ya fara maganar gajiya da rayuwa a kai shi asibiti a ranar.